Ƙarar 'Yardada a Gaban Likita

'Yardada ta banko ƙofar likitan ƙwaƙwalwa ba ko sallama, mayafinta na jan ƙasa.

"Kai ne ka sa aka fasa kan maigidana, ko? To, ka lalata min shi!"

Dakta Mikail ya dube ta. Ya tuna mijinta, Malam Ilu, tsohon badukun nan na Dukawuya. 'Ya'yansa ne suka kawo shi, wai halinsa ya canja, an yi ruƙiyya har an gaji. Shi likitan ne ya sa aka ɗauki hoton kansa, aka ga ƙari ya danne ƙwaƙwalwa, aka cire.

"Iya, zauna. Faɗuwa yake yi? Ko bakinsa ne ya karkace?"

"Ras yake!"

"Yana gane mutane?"

"Har kajin maƙwabta ganewa yake. Ya koma rumfarsa, yara sai murna suke, wai babansu ya dawo."

"To, me ya faru?"

Ta dafa teburin da hannu biyu.

"Tun ina yarinya nake gidan mutumin nan, bai taɓa yi min dariya ba sai da ciwon ya zo. Ya riƙa zama a tsakar gida, muna cin tuwo kwano ɗaya, har sannu da aiki yake ce min. Jiya na kai masa abinci, ko ɗago kai bai yi ba."

Ta share ido da bakin mayafi.

"Abin nan da kuka cire, yana ina? A mayar masa."