Limamin Coci da Dutsen Iyaka

Liman Tukur, tunda ka ce jama'a sun matsa maka lamba ka tsaya takarar kansila, ji wannan misali kafin ka ba su amsa.

A wani ƙauye na ƙasar Faransa an yi wani limamin coci, mutumin kirki, wanda ba ya iya ganin mutum cikin wahala ya kau da kai. Da zaɓe ya zo, mutanen ƙauyen suka ɗora shi kan kujerar magajin gari, shi kuwa ya karɓa don yana ganin daga can zai fi share wa talaka hawaye. To, a ɗariƙarsu mai zunubi yakan durƙusa gaban limami ya faɗi abin da ya aikata, limamin kuma ya riga ya rantse ba zai fitar da maganar ba ko da wuƙa a wuyansa. Wata Asabar wani manomi mai hali ya durƙusa, ya ce shi ya tumɓuke dutsen iyaka ya matsa da shi taku goma cikin gonar inabin maƙwabciyarsa, wata tsohuwa da mijinta ya rasu. Limamin ya ce ya je ya mayar. Manomin ya ce to, bai kuwa mayar ba.

Ba a yi wata guda ba tsohuwar ta kai ƙara ofishin magajin gari, kuma limamin nan shi zai sa hannu a takardar iyaka. Manomin ya zo da shaidu uku, ita ba ta da kowa. Ta dubi limamin, wanda suke kira Fada, ta ce, "Fada, kai dai ka san ba na ƙarya." Ya sani sarai. In ya buɗe baki ya karya alkawarin da ya yi wa Allah, in ya sa hannu ya ci amanar tsohuwa. Sau uku yana ɗage zaman ko manomin zai ji kunya, amma mutumin ko gezau. A zama na huɗu ya ajiye alƙalami, ya kwance ɗamarar mulki da magajin gari kan ɗaura, ya fita. Mataimakinsa ya sa hannu, yankin gonar ya tafi. Har tsohuwar ta mutu ba ta sake taka cocinsa ba, tana ganin guduwa ya yi ya bar ta.

Ni kam tausayinsa nake ji, Liman, don da zuciya ɗaya ya karɓi kujerar nan. Sai dai Hausawa sun riga sun faɗa, taura biyu ba ta taunuwa.