Wayar da Ta Kwance

Minti ɗaya da buɗe murfin tankin ruwan zafin, mai gyaran famfo ya gano matsalar. Waya ɗaya ce ta fita daga mazauninta. Aikin minti biyar ne, ko kuɗin shayi bai kai a karɓa ba.

Amma sai ya maida murfin, ya yi tsaki kamar wanda ya ga babbar ɓarna.

A shagonsa akwai sabon tanki da ya yi wata bakwai yana shan ƙura, kasuwa kuma ta yi masa tsaye. Ta lambar shagon ne tsohon mai gidan ya kira shi da safe, ya ce ruwa ya daina zafi, kuɗin wuta kuma na neman cinye masa fansho.

Yanzu tsohon na tsaye a ƙofar banɗaki, yana tambaya ko sabo zai rage kuɗin wutar.

Mai gyara ya san amsar. Tankin ya tsufa, amma wanda ya ɗaura shi ya san aikinsa, ya naɗe shi ta yadda zafi ba ya zurarewa. Abin da sabo zai rage bai taka kara ya karya ba.

“Zai rage, Baba,” ya ce, idonsa na kan bututu.

“To a sa. Zai ɗauki lokaci?”

“Wuni guda.”

Maimakon ya ɓata rai, sai tsohon ya yi murmushi, kuma murmushin nan ya fi zagi ciwo.

Haka aka wuni. Mai gyara na kwance bututu, kunya na cin sa. Duk sanda ya miƙa hannu, sai ya ji sifanar da yake nema ta sauka a tafinsa tun kafin ya faɗi lambarta. A kan tebur ga kofi biyu, an jera su tun kafin isowarsa. Tsohon ya jawo kujera ya zauna, ya yi ta zuba: ciwon gwiwa, maƙwabcin da ya tashi, yadda gidan ya yi shiru tun rasuwar matarsa. Sau biyu gaskiya ta zo wa mai gyara har baki, sau biyu ya haɗiye ta da shayi.

Da la'asar ruwan zafi ya zubo. Tsohon ya biya ba tare da neman ragi ba, har ya ce in abin ya sake ba da matsala zai kira.

A waje, yana ɗaure tsohon tankin a bayan mota, murfin ya faɗo. Sai a lokacin ya dubi wayar da kyau. Ba ta ƙone ba, ba ta tsinke ba. Kwance ta aka yi da sukundireba, aka naɗe bakinta da salatif don kada ta ja wani: zagaye uku, a lanƙwasa ƙarshen.

Mutum ɗaya ya sani da ke yin irin wannan naɗi, shi ne wanda ya koya masa sana'ar yana ɗan shekara goma.

Ya ɗaga kai. Daga taga tsohon, mahaifinsa, na ɗaga masa hannu, mutumin da shekara guda ke nan ba ya samun ɗansa a waya sai ta lambar shago.