Ɓarawon Waya a Ƙofar Durbi

Mairama tana kwashe wa 'yan fim shinkafa a Ƙofar Durbi ta ji ihun ya sauya. Da farko na wasa ne. Darakta Babaji ya sa jarumin fim ɗin ya fizge waya ya ruga, kyamara na ɗaukarsa daga kan soro. To, ɗan rawar kai, maimakon ya tsaya inda aka shata masa, sai ya sha kwana ya faɗa lungun da ba wanda ya san ana fim.

"Ɓarawo! Ɓarawon waya!"

Ta yar da ludayi. Kowa a tawagar ya san Mairama ba ta shiri da saurayin nan. In ya shigo, ta kau da kai. Abincinsa ma sai dai ta ture gefe ta ce, "A miƙa wa wancan." Amma ga ta tana gudu ba takalmi, mayafi na jan ƙasa, Babaji kuwa yana can kan soro yana laluben tsani.

Ta iske shi kwance a bakin kwata, ana dukan kawo wuƙa. Jinin fim da na gaske sun cakuɗe a rigarsa. Wani har ya mirgino taya.

"Wasa ne! Wallahi fim ake yi! Ku dubi girman Allah!"

"To ina kyamarar?"

Babu kyamara. Wayyo, babu kowa sai ita.

Malam Iro mai shago, dattijon lungun, ya kutsa ya zaro katin shaida daga aljihun saurayin, ya rufe da tafin hannu.

"Baiwar Allah, in kin san shi, faɗi mani sunanshi. In ya zo daidai da katin nan, ni zan tsaya mashi."

Mairama ta buɗe baki, sunan ya ƙi fita. "Ɗan Ƙofar Kaura ne. Ba ya sata, Malam."

"Suna na ce."

Tarbiyyar rugar da ta taso a ciki ta hana ta faɗa. Ta dubi hagu ta dubi dama ko wani ɗan tawaga zai ɓullo ya fanshe ta. Shiru.

Wani a cikin taron ya ce, "Kun gani? Ko sunanshi ba ta sani ba! Bakinsu ɗaya!"

Warin fetur ya bugi hancinta.

"Salahuddeen!" Muryarta ta tsage lungun. "Salahuddeen Ja'afaru!"

Malam Iro ya duba katin, ya ɗaga hannu. "Ku ja baya! Duk wanda ya ƙara taɓa shi, da ni ya yi."

Saurayin da ya sha duka bai zubar da hawaye ba, sai ga shi ya ɗago yana kuka kamar yaro. Shi ne ɗanta na fari, kuma saboda alkunya, tun ranar da ta haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba sai yau.