Kwaɗon Allah Ditta

Ranar da Allah Ditta ya sayi kwaɗon kulle na asiri mai kama kwarto, Rafik mai kemis ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Kawu, na tsufa ina yi wa garin nan allura, ban taɓa ganin mace da namiji sun manne ba. Kullum a wani gari ake yi, kuma kullum ƙanin abokin wani ne ya gani."

Allah Ditta ya cusa kwaɗonsa a aljihu. Mutum ne da ko iska ta kaɗa labule sai ya leƙa bayansa. Abu biyu yake taƙama da su: matarsa Parwin, da manyan bunsurayensa biyu masu dogon kunne, waɗanda ko yaron goye a ƙauyen ya san su. Bunsurayen dai bai taɓa zargin su ba. Ita kuwa Parwin, laifinta shi ne yawan zuwa gidan uwarta a hayin gada, ta kuma dawo da fara'a.

Wani boka mai yawo, Sain Mastana, shi ya kawo maganin, wato kwaɗon nan. Ya zauna a tsakar gida ya sha kindirmo, ya shafa bayan dabbobin yana yaba kiwo, sannan ya nemi tufar da ta taɓa jikin matar. Allah Ditta ya fizgo ɗaya daga igiyar shanya, ko duba ta bai yi ba, ya miƙa masa.

Sharaɗin ba wuya. Ranar da ta fita, ya datse kwaɗon, shi ma ya bar gidan ya je bakin gada ya jira. In ta ci amana, ita da kwarton za su manne, ba mai raba su. Amma duk idon da ya kalle su a haka, ya makance.

Alhamis ta fita. Ya datse kwaɗon, ya tafi da shi rumfar mai shayi da ke bakin gada, hanya ɗaya tilo ta barin garin, ya zauna.

Da la'asar sai ga amalanken jaki, yara na bin sa da ihu. A kansa gadon igiya ne, an lulluɓe shi da bargo mai kauri, ana ta mutsu-mutsu da nishi a ciki. Ƙamshin turare har da hawa kai. Mai amalanken baƙo ne, ya rufe fuska da rawani.

"A ba mu hanya, jama'a! A gonar rake aka tsince su, sun manne. Asibiti za mu."

Koren mayafi na lilo a gefen gadon. Allah Ditta da hannunsa ya sayo wa Parwin shi a kasuwar Jhang.

Rafik ya matso yana yamutsa fuska. "Ni fa ban yarda ba. Bari in ɗaga in gani."

Allah Ditta ya bangaje shi. Ya tsaya a gaban bargon, kunya da baƙin ciki sun shaƙe shi, ga kuma wani ɗan daɗi can ƙasa, na wanda zarginsa ya tabbata.

"Parwin, na sake ki! Na sake ki! Na sake ki!"

Shi da kansa ya kori yaran da sanda, ya tura amalanken ya hau gada.

Ƙurar ba ta gama kwantawa ba sai ga mace ta sauko daga gadar, da tulun jiƙaƙƙen mangwaro mai yaji a kanta. Parwin ta dubi mijinta, ta dubi kwaɗon da ke hannunsa, idonta ya ciko.

"Na ji, kowa ma ya ji, gidanmu zan koma," in ji ta. "Amma wa ka sayar wa bunsurayen? Na ga kunnen ɗaya yana leƙowa ta ƙarƙashin bargo."