Abin da Igiya Ta Ci

"Baba, ka sake ƙona injin!" in ji mai gyara, yana jujjuya keken hawan dutsen. "Kai da iska za ta iya ɗauka, aljanu kake goyawa ne?"

Dattijon ya yi murmushi. "Sa mini wanda ya fi shi ƙarfi, ɗana."

Mai gyaran ya ɗaura sabon inji, ya ƙara babban batir, ya canza birki. Amma abu guda ya tsaya masa a rai: ƙarfen sirdin ya zaizaye, kamar bakin rijiyar da igiya ta ci.

Ranar hutu haƙurin mai gyaran ya ƙare, ya je ya tsaya a kwanar ƙarshe ta dutsen da dattijon yake hawa.

Can sai ga dattijon, injin yana nishi. Daga sirdinsa igiya ta miƙe zuwa wani keke mai ƙafa uku. A kansa wata tsohuwa ce makauniya, fuskarta a sama, tana dariya, iska na kaɗa mayafinta.

"Maigida, mun shiga gajimare ne? Na ji sanyi a kumatuna."

"Saura kaɗan," in ji shi. "Buɗe hannunki, ki taɓa."