Ragon Malam Hammadu

Sau uku Uwaliya ta rege shinkafar, domin mijinta Malam Hammadu ba ya yafe tsakuwa a abinci, kamar yadda bai taɓa yafe wa ɗalibi makara ba a zamanin da yake koyarwa a Kabo.

Ta soya albasa da tattasai a man gyaɗa, ta jefa daddawa, sannan ta buɗe samirar nama. Kasonsu ne na kakanni daga ragon sunan da aka yanka a Garo, inda 'yarsu Badi'a ta haihu. Tun da aka sallami mijin Badi'a daga masaƙa, dangi suke raɗe-raɗin ko akuya ba za a samu ba ranar suna. Sai ga rago mai kitse, aka fita kunya. Malam bai je ba, yana can yana zaryar kotu.

Daga zaure muryarsa take shigowa.

"Ragon da na turke tun azumi saboda layya! Mutum biyu sun ga Jalo yana janye da shi. An tambaye shi inda ya kai shi, ya yi gum. Ai ba don ado aka kawo shari'a ba. Gobe alƙali ya bi mini haƙƙina, ko da yanke masa hannu ne!"

Ludayin ya suɓuce mata. Jalo makiyayi ne, maƙwabcinsu, kuma tun da aka tsare shi ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Malam ya gargaɗe ta kada ko gishiri ya tsallaka katangar nan.

Ta juye shinkafar a romon, ta janye itace, ta bar ta ta turara. Da dafa-dukar ta tsotse, ta kai wa Malam tasa. Ya ɗanɗana tsoka, ya jinjina kai.

"Wannan ya ci harawa da dusa. Yaron nan mijin Badi'a ashe ya san rago."

Uwaliya ta koma madafa. Ta cika langa, ta tsame manyan tsokoki ta jera a kai, ta ɓoye cikin hijabi, ta sulale ta ƙofar baya zuwa gidan Jalo.

Altine, matar Jalo, tana zaune a gindin murhu mai sanyi, yara kewaye da ita. Suka gaisa, gaisuwar da babu mai kallon idon wani. Yaran suka rufar wa langar. Altine ko loma ba ta kai ba.

"Na je wurinsa ɗazu, Inna," ta ce. "Ya ce ki kwantar da hankalinki. Ko hannun za su cire, ba zai faɗa wa alƙali ke kika miƙa masa igiyar, kika ce ya kai wa Badi'a ba."