Mai Unguwa Ya Kira Masu Shan Jini

Tun da Nura mai tura finafinai ya saka wa Mai Unguwa Ashiru wani fim a waya, hankalin Naja'atu bai sake kwanciya ba. Fim ne na Turawa da aka yi wa fassarar Hausa. Wasu dogaye ne farare fat masu baƙaƙen alkyabbu, barcinsu a akwatin gawa, abincinsu jini, suna yaƙi da wasu ƙarti da ke rikiɗa su zama kuraye. Daga farko har ƙarshe ruwa ake sheƙawa a kan wani tsohon gidan dutse, amma ko mutum ɗaya bai yi tunanin shuka ba.

Naja'atu, autarsa, sau ɗaya ta leƙa ta kau da kai. Shi kuwa tsohon, tun da yanar ido ta rufe masa gani ba kallo yake yi ba. Rage sauti yake yi ya manna wayar a kunne, ya zauna a zaure yana gyaɗa kai kamar mai sauraron ƙara.

"Yau sarkin kuraye ne da gaskiya," in ji shi, "sai dai bakinsa ba linzami."

"Baba, fim ne fa."

"Kin san asalin rikicin nasu? Injin ban ruwa."

 Me mai kwana a akwatin gawa zai yi da injin ban ruwa, a garin da ruwa ba ya ɗaukewa? Wannan fa shi ne mutumin da duk garin Beli ke taƙama da shi wajen sulhu, wanda makiyayi da manomi ke shiga zaurensa da sanduna su fito suna raba goro. Ta ji tsoro ƙwarai kada a ce tsufa ya taɓa masa kai.

Ta buga wa yayyenta biyu da ke Ƙaraye, inda kowannensu yake wai aikin kwamfuta. Tun wata rigimar gona da suka yi bara ba sa ga maciji da juna. Yaya Aƙilu ya tambaya ko Maharazu zai zo. Yaya Maharazu ya tambaya ko Aƙilu zai zo. Duk suka kashe waya, suka bar ta da abinta.

Ranar Laraba abin ya fito fili. Tsohon ya sa aka kira Nura, a gaban jama'a ya ce ya isar masa da sammaci: sarkin masu shan jini da sarkin kuraye su bayyana a zaurensa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Mutane suka riƙa cusa baki a hannun riga. Nura kaɗai ne bai yi dariya ba, sai gumi da ya keto masa, ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Kafin la'asar labari ya cika gari. Mahauci ya aiko tambaya ko a tara wa baƙi jini a roba. Wata maƙwabciya, Sauda, ta ce ita ba ta yarda da wannan shirme ba, sannan ta kwashe awakinta ta kai gidan ƙanwarta. Abin da Naja'atu ke gudu kuma ya zo: Dagaci ya ce zai turo wakili ya gane wa idonsa, in ta tabbata Mai Unguwa ya ruɗe, rawani ya koma wani gidan.

Ta durƙusa ta roƙe shi ya ce wasa yake yi. Ya ce ta tuƙa tuwon shinkafa na mutum biyu.

"Kada ki cika yaji. Sarkin masu shan jini olsa gare shi."

Da hawaye ta tuƙa tuwon nan.

Juma'a ta zo da rana mai ƙuna. Ƙofar gida ta cika maƙil, har da masu hawa katanga, masana fim na bayanin cewa masu shan jini ba sa fita da rana, saboda haka Mai Unguwa ya riga ya kunyata. Wakilin Dagaci ya zauna yana duba agogo. Tsohon ya sa aka shimfiɗa tabarma biyu, nesa da juna. Naja'atu ta laɓe bayan ƙyaure da kwanuka a hannu, ba ta ganin komai, tana addu'ar ƙasa ta tsage ta shige.

Wakili ya gyara murya zai yi magana ke nan, sai ga ƙarar babur daga gabas, wata daga yamma.  Aka cire takalma, aka shigo, ba a ko iya sallama da ƙarfi ba.

Tsohon ya ce, "Sarkin masu shan jini, nan. Sarkin kuraye, can."

Karon farko, tsohon ya ƙure sautin wayar. Wata murya mai kauri ta cika zauren: "Wallahi sai ka dawo min da injina, kai mai warin hamata." Wata ta yi gurnani ta amsa: "Da kuɗin wa aka sayi tiyon, tsohon maye?" A fuskar wayar kuwa, wani Bature ne ke dirowa daga hasumiya da takobi.

Ya kashe, ya ajiye ta a gefe.

"Kun shaƙe murya kun ɓoye cikin fatar Turawa, kuna zaton makaho ba zai gane ba," in ji shi a hankali. "Tun bara ba ku gaisa ba, sai a nan kaɗai nake jin kuna magana da juna. Aƙilu, Maharazu, ku maimaita fassarar nan taku a gabana, uwarku ce ta yi asarar nono ko ni ne na yi asarar tarbiyya?"